Sakan Arba'in da Ɗaya

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Sanyi ya shigo São Paulo da wuri bana. Gwiwoyina sun riga rediyo sanarwa. Yayyafi tun safe.

Wata yarinya ta buga waya, Jussara, daga gidan wasan da ke shirya bikin cikar faifan Ruwan Litinin shekara hamsin. Sai da ta maimaita sunanta sau uku, kunnen hagu ya ƙi aiki. Ta ce, "Seu Aristides, ku kuka ɗauki sautin faifan, kuma cikin mazan ku kaɗai kuka rage. Muna so ku hau dandamali ku ba mutane labarin ranar da aka goge baitin." Na ce zan yi tunani. Ta yi dariya, ta ce ai sunana ya riga ya hau takardar talla. Ranar 29 ga wata.

Ta ce Zuleide ma za ta zo.

Na ajiye waya na zauna har kofi ya huce.

Talata, 4 ga Yuni

Dona Cleonice, maƙwabciyata ta hawan ƙasa, ta hauro da romon wake. Ta ƙwanƙwasa har ta gaji, ta buɗe da makullin da matata Odete ta ba ta kafin ta rasu. "Seu Tide, wata rana gidan nan zai kama da wuta kana zaune kana murmushi! Ina abin kunnen da likita ya ba ka?" Na ce yana aljihun tebur. Ta ce, "Au, teburin ne kurma?"

Na ce mata mutumin da ya shekara arba'in yana gaya wa mawaƙa sun kauce ba zai maƙala roba a kunne ba. Gaskiyar ita ce babu abin da nake marmarin ji.

Alhamis, 6 ga Yuni

Fada Anselmo, wanda ya koya mana rubutu a makarantar mishan, yakan sa mu rubuta laifinmu a takarda kafin mu shiga ikirarin zunubi a coci, don kada mu rage. Na fi shekara sittin ban je ba. Bari in gwada hanyarsa.

Shekarar 1974, mulkin soja. Ina da shekara talatin da ɗaya. Situdiyonmu yana unguwar Bixiga, ƙarƙashin wani gidan burodi. In suka kunna injin kwaɓa fulawa sai mu dakata, mu sha taba, mu jira. Ƙungiyar mawaƙan Karnukan Tasha suka zo, samari huɗu masu gashi har kafaɗa da yarinya ɗaya 'yar jihar Paraíba can arewa, Zuleide. Norberto ne shugabansu, shi ke jita, shi ke rerawa. Ban taɓa jin kiɗan rok da aka zuba wa gangar arewa haka ba, kuma tun kwana na biyu na san wannan faifan zai daɗe bayanmu.

Injinmu mai layi huɗu ne. Ganga a layi na ɗaya, jitoci a na biyu, muryar Norberto a na uku, muryar Zuleide a na huɗu. A waƙar ƙarshe kiɗa yakan tsaya cak, Zuleide ta rera baiti ɗaya ita kaɗai, sannan kiɗa ya dawo. Ita ta rubuta baitin. A kan mahaifiyarta ne, mai wankau a bakin rafi. Sau ɗaya ta yi shi, ranar Juma'a, jakarta na jingine a ƙofa, don an aiko mata uwar na kwance. Tafiyar kwana uku a bas, ƙauyen babu waya. Da ta gama ta ce, "Ya yi ko in sake? Motata na jira." Na ce ya yi.

Litinin da safe na zo ni kaɗai in yi shara. Haka aikinmu yake: inda makaɗi bai buga komai ba sai a goge wurin a layinsa, don kada ƙarar kujera ko tarin wani ya fito. Gilmar mai ganga ya yi tari a tsakiyar baitinta. Layi na ɗaya ke nan zan goge.

Shekara tara na yi ina aiki a gidan rediyo, a kan wani tsohon inji da lambobinsa ke farawa daga dama. Na situdiyo daga hagu yake farawa. Na san haka sarai. Kaina ya sani. Yatsana ne ya koma gidan rediyo. Ana kwaɓa fulawa a sama, don haka na rage sauti, na danna jan maɓalli, na tsura wa agogo ido. Sakan arba'in da ɗaya. Na mayar da tef baya na saurara. Na ji ta ja numfashi. Sannan ba komai. A sakan na sha tara, tarin Gilmar, yana nan daram.

Ƙarfe goma Norberto ya shigo. Ya saurara. Ya juyo ya ce, "Su ne?"

Ni nake kai kalmomin waƙoƙi ofishin masu tacewa na gwamnatin soja, saboda ni kaɗai nake da rigar kirki. Takardar baitin Zuleide tana aljihuna a lokacin, da hatiminsu, an amince. Ba su cire ko kalma ɗaya ba.

Kai na gyaɗa. Sau ɗaya.

Ya daki bango da hannu. Can sai idonsa ya yi wani haske da har yau ba na son tunawa. Ya ce, "Kada ka taɓa. A bar shi haka. Bari ƙasar nan ta ji abin da ake yi mana." Ranar Laraba tef ya tafi masana'anta.

Sauran kowa ya sani. Baitin da soja suka haɗiye. Shirun da ya fi kowace waƙa ƙara. Wani farfesa ya rubuta shafi shida a kan tarin Gilmar.

Asabar, 8 ga Yuni

Na rubuta ban rage ba. Abin da ke ƙirjina ma bai ragu ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na lallaɓa kasuwar unguwa sayen ayaba. Matar da ke soya pastel, wani irin samosa, tana sanye da riga baƙa, an rubuta 41 a gaba. Na tambaye ta ma'anarsa, don in ji. Ta ce, "Haba kaka, a wace ƙasa kake? Babanmu kullum Lahadi sai ya sa faifan. In shirun ya zo duk wanda ya yi motsi sai ya sha dundu. Wai muna tsaye ne don waɗanda aka ɗauke ba su dawo ba." Ta ƙara mini pastel ɗaya kyauta, wai na yi kama da babanta.

Ban iya ci ba. Na ba Dona Cleonice.

Laraba, 12 ga Yuni

Na sauko da akwatin tef daga saman kabad. Sai da na huta sau biyu. Da aka rufe situdiyo ni na kwashe shi, da injin ma, ga shi nan a ɗakin ɗinkin Odete lulluɓe da zane. Duk wata nakan zuba masa mai in juya shi. Ban san don me ba. Jussara ta ce bayan biki, ranar 5 ga Yuli, za su zo su ɗauki tef ɗin zuwa gidan tarihi.

Takardar tana ƙarƙashin murfi inda na ɓoye ta. Ta yi ja, amma hatimin ya fito ƙuru-ƙuru. Odete ta mutu ba ta san da ita ba. Norberto ma. Gilmar ma.

Na kunna murhu don dafa ruwa, takardar na hannuna. Na kalli wutar. Na mayar da ita.

Asabar, 15 ga Yuni

Gwajin biki. Yaran da za su buga faifan ba a haifi iyayen wasunsu ba lokacin da muka yi shi. Sun iya, ba laifi. Mai gangar har tarin yake yi a sakan na sha tara. Na ji kamar in nutse.

Ina zaune sai na ji an daki kujerata da sanda. Zuleide ce. "Tide! Kai ne ka koma haka? Ina sauranka?" Na ce na bar shi a gida. Ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ta yi jiki, gashi fari fat, dariyar nan dai ta da. Rabona da ita tun jana'izar Norberto, ranar ma daga nesa na ɗaga mata hannu na gudu. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci a Itaquera.

Jussara ta durƙusa gabanta. "Dona Zuleide, ko sau ɗaya, ki rera mana baitin ranar. Duniya na jira." Ta ce, "Yarinya, maza uku da bindiga sun tambaye ni kwana uku. Na rera musu har muryata ta dushe, ba su yarda ba. Ke me zai sa ki yarda?"

Bayan nan ta ja ni shan kofi. Na san an taɓa ɗaukar ta bayan faifan ya fito, don jita-jita ta bazu cewa sunayen ɗaliban da suka ɓace ta lissafa a baitin. Abin da na sani ke nan, kuma shekara hamsin na kiyaye kaina daga sanin ƙari. Yau ta faɗa, tana juya cokali, kamar labarin wata. A tsaye suka bar ta. Rera. Sake. Wace ce uwar? Wane rafi? Su wane ne masu farar riga? Ta nuna mini ƙaramin yatsanta na hagu, ya karkace. Da suka sake ta babu gidan rediyo ko gidan rawa da ya sake kiranta. Norberto ya tafi Turai ya zama gwarzo. Ita ta koma tukunya.

Ta ce, "Ba wannan ne ke cina ba, Tide. Uwata ta mutu ba ta ji waƙarta ba, kuma maƙwabta sun gaya mata wai na saka ta cikin abin da gwamnati ta hana. Matar da ba ta iya rubuta sunanta ba. Har yau in ina yankan albasa sai in bi baitin kalma-kalma, ina neman abin da suka gani."

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Kofinki zai huce."

Litinin, 17 ga Yuni

Ƙirji ya matsa mini, na je asibiti. Likita ya saurara ya ce in daina hawa bene, in daina damuwa. A hawa na uku nake.

Talata, 18 ga Yuni

Yini guda ina shari'a da kaina, kuma ni lauya ne mai kyau in don kare kaina ne.

Na ce an ɗauke mutane da gaske, an hana waƙoƙi da gaske, ko da ba wannan ba. Na ce akwai iyaye mata da suke riƙe hoton 'ya'yansu a cikin wannan shirun, wa ya aike ni in gaya musu yatsan wani wawa ne. Na ce Zuleide ta tsufa, aƙalla yanzu tana da girman wadda ta tsorata soja, in na faɗa me zan bar mata? Na ce saura kaɗan in tafi da abina.

Duk gaskiya ne. Sai dai matar tana yankan albasa tana neman abin da babu. Ni kaɗai a duniya na san babu.

Juma'a, 21 ga Yuni

Na je wurin Zuleide. Jirgin ƙasa har ƙarshen layi, sannan bas. Wata ta tashi ta ba ni kujera ban ma yi gardama ba.

Gida ƙarami, shuɗin ƙofa, tukwanen ganye a tsakar gida. Tana shanya. Ta ce, "Ka ga baƙon da ba ya sanarwa! Da ka faɗa da na ƙara wake. Zauna kafin iska ta kwashe ka." Ban zauna ba, na san in na zauna zan sha kofi in tafi. Na ciro takardar na miƙa mata.

Ta nemo tabarau. Ta karanta baitinta da rubutun keken bugawa na. Ta kai kan hatimi. Ta ce, "Ban gane ba." Na faɗa mata. Dama da hagu, injin fulawa, tarin Gilmar, gyaɗa kai. Ban ɗauki minti uku ba. Shekara hamsin, minti uku.

Ta zauna a kan bokitin da ta kife. Wani kare na haushi a maƙwabta, shi ma da ƙyar nake jinsa.

Ta ce, "Ba su hana ba."
Na ce a'a.
"Babu abin da suka gani."
"Babu."
"Waƙar wanki ce kawai."
Na ce waƙar wanki ce, kuma ban taɓa ɗaukar abin da ya kai ta kyau ba.

Ta ce, "Rufe mini baki da yabo." Ta ɗaga yatsan nan ta kalle shi. "Goge baitin, wannan kuskure ne, ko ni na sha zuba sukari a maimakon gishiri. Amma da na dawo daga Paraíba ka tare ni a tasha, ka karɓi jakata, ka ce mini sannu da abin da suka yi miki. Ka tuna? Da suka sake ni ka aiko Odete da lemo. Takardar nan tana ina ranar?"

Na ce tana saman kabad.

"Da ka kai musu ita, da kwana ɗaya zan yi."

Ban taɓa bari wannan tunanin ya ƙarasa a kaina ba. Ita ta ƙarasa mini shi.

Ta ce, "Tafi, Aristides. Ka bar takardar." Ba ta taɓa kirana da cikakken sunana ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Ban tashi ba.

Litinin, 24 ga Yuni

Ranar bikin waliyyi São João. Dona Cleonice ta kawo wainar masara, ta ce na yi kama da wanda aka tono. "Mace ce?" Na ce mace ce. Ta tafa hannu. "A shekara tamanin da ɗaya! Odete, ki juyo ki ga mijinki!" Na bar ta a kan haka.

Na yi zaton in na faɗa zan ji sauƙi. Ba sauƙi ba ne. Kamar an cire haƙori ne, harshe na ta komawa wurin.

Laraba, 26 ga Yuni

Zuleide ta buga waya. Babu gaisuwa.

"Kana jina, kurma?" Na ce ina ji. "Na san irinku. Kana shirin hawa dandamali ka yi kuka gaban mutane ɗari takwas, su tafa maka saboda gaskiya. Ba ka isa ba. Ka ɗauke mini baiti, ba za ka ɗauke mini labarin ma ba. Ni zan faɗa, ranar da na ga dama. Kuma Asabar ka zo. Ba ka da izinin rashin lafiya."

Gaskiyarta. Har na rubuta jawabin. Na yaga.

Asabar, 29 ga Yuni

Da la'asar aka yi, saboda mu tsofaffi. Wuri ya cika, masu furfura da jikokinsu. Suka buga faifan daga farko har ƙarshe. Na manta yadda waƙa ta uku take tashi, yadda jita da ganga suke kokawa sannan su shirya. Wannan kam mun yi shi da gaske, babu ƙarya a ciki.

Da aka kira ni na ba su labarin gidan burodi, suka yi ta dariya. Jussara ta ce, "To ranar Litinin ɗin fa, Seu Aristides?" Na ce wannan labarin na Zuleide ne, ba nawa ba. Suka tafa, suna tsammanin kunya ce.

Waƙar ƙarshe. Zuleide ta fito da sandarta, farar riga, ta tsaya gaban makirufo. Kiɗa ya tsaya. Kowa ya miƙe. Na ga ƙirjinta ya ɗaga, na ce yau za ta rera, ko ta nuna ni da yatsa, kuma duk wanda ta yi daidai ne. Kusa da ni wata dattijuwa ta ɗaga hoton wani saurayi mai tabarau. Akwai irinsu da yawa, ban san sun kai haka ba. Zuleide ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce uffan ba. Na ƙirga a zuci. Arba'in da ɗaya cif.

A bakin ƙofa ta wuce ni ba ta tsaya ba. Abin da ta ce kawai, "Sun cika shirun da nasu. Ba zan zubar musu ba."

Lahadi, 30 ga Yuni

Shi ke nan, ina tsammani. Juma'a su zo su ɗauki tef.

Talata, 2 ga Yuli

Ƙarfe goma na safe Dona Cleonice ta buɗe ƙofata tana washe baki. "Seu Tide, ga macen!" Zuleide na bayanta tana haki, ta hau bene uku. Ta ce, "Wanda ya gina gidan nan ba shi da uwa. Injin nan yana aiki?"

Na ce yana aiki. Na ce ina da sabon tef da ban taɓa buɗewa ba.

"Wa ya ce maka sabo? Wancan. A wurinsa."

Na yi mata bayani. Tef ɗin ya tsufa. Numfashin da ta ja tana shekara ashirin da huɗu yana kan layi na huɗu, dab da inda zan danna. In na riga da ƙiftawar ido na goge shi. In na ɓata layi na goge Gilmar ko Norberto, su kuma ba sa dawowa. Na nuna mata hannuna yadda yake rawa. Na ce a kira yaran Jussara, suna da kwamfuta.

Ta ce, "Yatsan da ya cire shi zai mayar."

Ta nemi filasta a wurin Dona Cleonice. Ta liƙe maɓalli na ɗaya, na biyu, na uku. A kan na huɗu ta rubuta sunanta da biro. "Yanzu ko jaki ne kai ba ka ɓata ba."

Na kafa makirufo tsakanin keken ɗinkin Odete da taga, na rataya bargo. Na sa abin saurare a kunnen dama. Na kunna. Ga Norberto, ga Gilmar, samari, suna gudu. Kiɗa ya tsaya. Yarinyar ta ja numfashi. Na danna.

Tsohuwar ta rera.

Uwata na wanki a bakin rafi,
rigar mutane fara, tata ruwan ƙasa.
In rana ta faɗi ta ƙirga zannuwa,
ta manta ba ta ƙirga kanta ba.

Muryar ta sauka ƙasa, ta yi kaushi, tana tsayawa neman iska inda da ba ta tsayawa. Numfashin yarinya, muryar kaka. Ba ta kai layin ƙarshe ba Karnukan suka faɗo mata da ganga da jita, sai ta ƙarasa a ƙarƙashinsu. Na saki maɓalli. Na mayar baya. Numfashin yana nan. Kowa yana nan.

Ta saurara da ido a rufe. Ta ce, "Marasa kunya, har a kabari ba sa jira mutum ya gama magana." Dona Cleonice na kuka a ƙofa ba ta ma san dalili ba.

Baitin ya ɗauke ta sakan hamsin da biyu. Na gaya mata nan take cewa akwai dabara, in rage gudun tef tana rerawa sannan in mayar, zai shiga. Na faɗa ne don kada in sake riƙe wani abu a aljihu. Ta ce, "Ba na son dabararka. Zan koyi shiga da kaina. Alhamis."

A kan bene ta juyo. "Kada ka ɗauka na yafe." Na ce ban ɗauka ba. "Ranar da ya zauna daidai zan kira Jussara in gaya mata komai. Tef da takarda, tare za su tafi gidan tarihin. Sunanka zai ɓaci." Na ce to.

Alhamis, 4 ga Yuli

Arba'in da takwas. Ta zagi hunhunta, ta zagi benen, ta zage ni. Ta buga wa Jussara ta ce gidan tarihi ya jira, ya saba. Ta ce kofina ruwan wanki ne. Ta sha kofi biyu.

Talata, 9 ga Yuli

Arba'in da shida. Ta ce a layi na uku tana jin ta kauce, ta tambaye ni. Na ce ban ji ba. Ta ce, "Ban kauce ba, ko ba ka ji ba?" Na ce ban ji ba.

Laraba, 10 ga Yuli

Rana ta fito yau, na buɗe tagogi. Na sauka na sayo garin kofi mai kyau da burodi huɗu, na hau ban huta ba sai sau ɗaya. Na wanke kofin Odete mai furanni, ya daɗe a ajiye, ƙura ce kawai.

Na ciro abin kunnen daga aljihun tebur. Dona Cleonice ta saka mini batir tana ta surutu, kuma abin takaici duk na ji. Ashe firij ɗina ƙara yake yi. Ashe akwai tsuntsaye a bishiyar bayan gida.

Don aiki ne kawai. Dole wani ya gaya mata in ta kauce.

Gobe Alhamis. Saura sakan biyar. Ba na ce ta yi sauri ba.